Garkuwar Kuluwa da Gatarin Sarki Rugumau

Tun zamanin da ake haƙo ƙarfe daga cikin dutse da hannu, akwai wani gari da ake kira Gangaren Tama. Yadda labarin ya zauna mini a ka haka zan ajiye shi, abin da na manta kuma ya tafi tare da masu shi.

Garin duk maƙera ne, kuma suna da wata al'ada. In maƙeri ya ƙera garkuwa zai sayar, shi ne zai fara tsayawa a bayanta, mai saye ya ja da baya taku ashirin, ya ɗana kibiya ya harba. In ta tare, a yi ciniki. In ba ta tare ba, gari ya huta da mugun maƙeri.

Nomau ya tsaya a bayan garkuwa ya fi sau ɗari, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Shi duk sirrinsa tauri ne. Yakan gasa ƙarfe cikin gawayin ƙirya kwana biyu, ya fito da shi jajur, ya tsoma a ruwan randa mai sanyi, ƙarfen ya yi ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Sai ya goga masa magagari. In magagarin ya zame bai ci ba, ya ce, "Yauwa, ya nuna."

Matarsa Kuluwa ita ke yi masa zuga, don ba su da ɗa. Ita ce kuma ke zama da kaya a kasuwa, saboda haka duk abin da ya lalace wurinta ake mayarwa. Manomi ya kawo fartanya ta lanƙwashe, wanzami ya kawo aska ta faɗi ƙasa ta rabu biyu, su zage ta tas su tafi. Nomau ya san ƙarfe ranar da yake barin gida. Kuluwa ta san shi ranar da yake dawowa.

Wata Laraba da hantsi, wani Buzu mai raƙumi ya harbi garkuwar Nomau, kibiyar ta karye gida uku. Buzun ya yi dariya ya ce, "Kai bawana, wannan kibiyar ce ta tsufa, ba ƙirarka ce ta yi kyau ba."

Nomau ya ce, "Ɗan rawani, je ka aro gatarin aradu ka dawo. Ko shi ba zai huda ƙirata ba."

Kuluwa ta ce, "Maigida, tofar da yawun nan."

Bai samu ya tofar ba. Ko ɗigon gajimare babu a sama, amma sai aka ji tsawa. Wani abu ya faɗo, ya shiga ta doron raƙumin ya fita ta cikinsa, ya ratsa uwar maƙera, ƙarfen da ake bugu a kai, da ke ƙasa kamar an soka yatsa a tuwo, ya nutse. Raƙumin ya fashe, hanjinsa ya rataya a rumfar masu gishiri. Buzun ya duba ya ga babu ƙafarsa ta dama daga gwiwa, sannan ya fara ihu.

Daga cikin ramin da abin ya bari, wani aljani ya fito, baƙi ƙirin kamar kashin tama, idanunsa garwashi, tsawonsa ya kai giginya. Wani maharbi mai ƙarfin hali ya sakar masa kibiya a wuya. Kibiyar ta tarwatse. Aljanin ya ɗauki maharbin da yatsu biyu, ya yage shi kamar tsumma, ya ajiye rabi a gabas rabi a yamma.

Ya ce, "Ya ku 'yan Adam, wane ne a cikinku ya ambaci gatarin ubangidana?"

Nomau ya fito. Ya ce, "Ni ne. Wasa nake yi da Buzu."

"Ubangidana Sarki Rugumau, mai jifa daga bayan gajimare, ba shi da abokin wasa. Al'adarku ta burge shi. Za ka ƙera garkuwa a maƙerarsa, ka tsaya a bayanta, ya yi jifa ɗaya. In ka tsaya da ƙafarka, ka koma gida. In ka faɗi, ka zama gawayi."

Ya sunkuci Nomau a hammata ya koma ramin.

Kuluwa ba ta yi kuka ba. Ta shiga maƙera ta kwance zugazuginta na fatar akuya, ta naɗe, ta goya a baya. Mata suka riƙe ta, suna cewa, "Ke Kuluwa, hankalinki ɗaya? Ramin aljanu ne fa!"

Ta ce, "To wa zai yi masa zuga? Mutumin da ko wutar shayi bai iya hurawa ba. Ku sake ni, gida zan dawo da shi."

Ta zura ƙafa ta sulale. Bangon ramin sumul yake kamar kwalba, da zafi har yana toye mata cinya. Ta yi ta gangarawa har ta daina jin ihun Buzu, sannan ta faɗo a wata ƙasa mai jan sama, babu rana babu wata, sai haske kamar na bakin murhu.

Ba ta yi taku ɗari ba aka fara ƙanƙara, amma ta ƙarfe, kowace kamar ƙwan zabo. A gabanta wasu dabbobi masu kama da gwanki suna kiwo, ƙanƙarar ta farfasa musu kai, suka zube suna shure-shure. Ta ruga ƙarƙashin wani falalen dutse. Ƙanƙarar ba ta ratso dutsen ba, amma duk wadda ta buga a sama, sai wani ɓallin dutse ya ɓantare daga ƙasan falalen ya faɗo da ƙarfi. Ɗaya ya tsaga mata goshi, jini ya rufe mata ido. Ta ce, "Af, mafakar ce ke dukana." Ta fita da gudu ta shige wani kogo na laka a gaɓar fadama. Nan ƙanƙarar ke faɗowa tana nutsewa tsulum, lakar ta haɗiye ta ba amo.

Ƙanƙara na ɗaukewa sai ga tsuntsaye masu baki kamar basilla. Sukan hau sama har su zama ɗigo, su naɗe fiffike su sako kansu. Na farko ya shiga ta ƙaurinta ya fita, ya kafe a ƙasa. Ba ta ma ji zafin ba sai da ta ga jini a diddige. Na biyu ya faɗa wa naɗin zugazugin da ke bayanta, bakinsa ya ratsa ninki biyu ya maƙale a na uku. Ta kai hannu ta fizgo shi, ta murɗe wuyansa, ta riƙe shi ta ƙafa tana maƙe sauran da shi har suka watse. Ta yagi bakin zane ta ɗaure ƙaurin, ta ci gaba tana ɗingishi.

Can ta isa wani fili da garkuwoyi suka cika, tuli a kan tuli, kowace da ƙasusuwan mutum a bayanta. Wata tsohuwar aljana, ja kamar ƙasar gini, ba haƙori ko ɗaya, tana zaune tana lasar wata garkuwa.

Kuluwa ta durƙusa ta ce, "Sannu da hutawa, Kaka."

Tsohuwar ta ɗago. "Wace ce wannan mai warin gawayi? Shekara ɗari huɗu ba wanda ya gaishe ni. Ni ce Tsatsa. Ni da Rugumau abincinmu ɗaya. Ni ina cin ƙarfe a shekara ɗari, shi yana ci a ƙiftawar ido. Me kika zo nema, 'yar Adam?"

"Mijina, Kaka. Maƙeri ne, an kawo shi ya tsaya a bayan garkuwa."

"Duk waɗannan ma mazan wasu ne."

Kuluwa ta ce, "Ki ba ni izini in duba su."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda take duba kayan da aka mayar mata a kasuwa, tana juya kowace ta ga bayanta. Na tagulla an huda su fes, ramin ya fi abin da ya shiga faɗi, gefensa ya narke ya daskare. Na ƙarfe mai taushi sun lotsa, bayansu ya tsage ya buɗe kamar furen kabewa. Na ƙarfe mai tauri kuwa babu rami, sai ɓarɓashi kamar tukunyar da ta faɗo daga ka. Ta tsaya a kan wata mai kauri ƙwarai. Gabanta lafiya lau, sai ɗan tabo. Da ta juya ta, sai ta ga bayan ya ɓantare kamar faifai, ɓallin kuma yana nan kafe a ƙashin ƙirjin mai ita.

Ta ce, "Kaka, wannan irin ƙirar maigidana ce. Amma ta yaya ƙarfe zai narke ba wuta, ya fashe ba guduma? Gatarin nan da me aka yi shi?"

Tsatsa ta yi dariya, jan ƙura ya fito daga bakinta. Ta gutsuri tuwo daga akushinta, ta mulmula, ta danna shi a jikin wata ƙofar katako da ke jingine. Tuwon ya baje. Ta sake mulmula wani, ta ja hannu baya, ta wurga. Kuluwa ba ta ga tafiyarsa ba, sai ƙara. Ƙofar ta huje, hayaƙi na fita.

Tsohuwar ta ce, "Kin gani? Ki sa hannu a ruwa a hankali, ya buɗe miki. Ki mare shi, ya rama. Abin da ke gudu ba ya ba ƙarfe lokacin shawara. Ku kuna gwada ƙarfenku da magagari da kibiyar ɗan Adam, kuna cewa ya nuna. Tafi, ƙofar birni na bayan wancan hayaƙin. Yau ce rana ta uku da kawo mijinki, ranar jifa."

Kuluwa ta ce, "Yau na shigo fa."

"Nan ba a ƙirga kwana da ranarku."

Ta ruga da ƙafa ɗaya da rabi. Birnin duk na baƙin ƙarfe ne, ganuwarsa na zufar mai. Masu gadi suka gicciya masu, ta nuna musu zugazugi ta ce ita ce mai zugar maƙerin, suka buɗe.

Ta sami Nomau a maƙerar sarki, ya rame, gemunsa ya ƙone. Da ya gan ta sai masaɓa ta faɗi daga hannunsa.

"Ke! Wa ya aiko ki? Wa kika bar wa gida?"

"Akuya na bar wa. Nuna mini abin da ka ƙera."

Ya yaye fatar da ya lulluɓe ƙirar da ita. Garkuwa ce mai kaurin tafin hannu, tana sheƙi kamar ruwan rijiya. Ya goga magagari, ya zame. Ya ce, "Sau bakwai na tsoma ta. Tun da nake ban taɓa yin mai taurinta ba."

Kuluwa ta ce, "Maigida, ita za ta kashe ka."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi."

"Na ga 'yar'uwarta a fili. Gatarin ba zai shige ba, bayanta ne zai ɓalle ya same ka. Ka tuna askar da wanzamai ke dawo mini da ita? Kaifi kamar me, amma ta faɗi ƙasa ta rabu. Fartanya kuwa a buga ta a dutse, ta lanƙwashe, ta ƙi karyewa. Abin da ya cika tauri gautsi gare shi."

Ya ce, "Kuluwa, shekara talatin ina tsayawa a bayan ƙarfe. Ke a bayan zugazugi kike tsayawa."

"Kibiyar mutum ce kake tarewa."

"To yanzu in yi yaya? In tsaya a bayan fartanya?"

Kafin ta amsa aka buga tambari. Aljanu suka shigo suka ɗauki garkuwar, suka tasa Nomau a gaba. Ta riƙe rigarsa, wani ya maƙe ta da bayan hannu, haƙorinta ɗaya ya fita.

Filin gwaji fili ne na toka. A can ƙarshensa Sarki Rugumau na zaune a kan karagar kashin tama, kansa cikin hayaƙi, hannunsa na dama ya fi na hagu tsawo sau biyu. Aka kafa garkuwar. Nomau ya shiga bayanta ya dafa ta da ƙirji, kamar yadda ya saba a kasuwa. Sarki ya ɗauki gatari, ɗan ƙarami ne, bai fi tsawon hannun jariri ba. Ya juya dogon hannun sau ɗaya ya saki.

Haske ya rigayi ƙara. Da toka ta lafa, garkuwar na nan tsaye, gatarin ya kafe a fuskarta, tsaga ta bi ta ko'ina kamar saƙar gizo. Nomau kuwa yana kwance taku biyar a baya. Wani ɓalli mai faɗin tafin hannu ya fita daga bayan garkuwar ya shige masa ƙarƙashin haƙarƙari.

Kuluwa ta isa gare shi, ta toshe wurin da ɗankwalinta. Ya buɗe ido ya ce, "Bai huda ba dai ko?"

Ta ce, "Bai huda ba. Yi shiru."

Muryar sarki ta zo kamar rugugin hadari. "Ya kai maƙeri, ka yi gaskiya, gatarina bai wuce ƙirarka ba. Amma ka faɗi, kuma wanda ya faɗi nawa ne. Ku kai shi murhu."

Aljanu biyu suka kama ƙafafunsa. Kuluwa ta kwanta a kansa ta ɗaga murya. "Ranka ya daɗe, mai jifa daga bayan gajimare! Ka ce al'adarmu ta burge ka, to rabinta ka yi. A garinmu ƙira ta mutum biyu ce, mai masaɓa da mai zuga. Ka jefi mai masaɓa. Saura ni."

Sarki ya sunkuyo har ta ji zafin numfashinsa. "Ya ke 'yar Adam, kin san abin da kike roƙo?"

"Na sani. In na tsaya da ƙafata, ka ba ni shi in kai shi gida. In na faɗi, ka sami gawayi biyu."

Ya yi dariya, toka ta tashi. "Na yarda. Kwandon gawayi ɗaya na ba ku. In ya cinye, ki fito."

Ta ja Nomau zuwa maƙera, ta jingina shi kusa da murhu. Ta ce wa aljanu su kawo mata garkuwarsa da ta tsage, su kuma ɗauko mata mafi taushin ƙarfe daga tulin Kaka Tsatsa, wanda ya lotsa bai fashe ba.

Nomau ya ce, "Me za ki yi da wannan tarkacen?"

"Taurinka a gaba, ya karya wa gatarin baki. Mai danƙo a baya, ya rungumi abin da ya rage. Na san abin da nake so, amma ban iya bugu ba."

Ya gyara zama ya miƙa hannu. Sannan ya ce, "Miƙo mini zugazugin."

Ya sa su a ƙarƙashin hannu yana dannawa. Duk dannawa ɗaya sai jini ya ɓulɓulo ta ɗankwalin. Kuluwa ta ɗauki masaɓa, karo na farko a rayuwarta.

"Ba nan ba, gefe. Ke, fura kike damawa? Daga kafaɗa ake bugu, ba daga wuyan hannu ba."

"In ka iya tashi ka karɓa."

"Juya shi. Yauwa. To kar ki kai shi ruwa, ko kusa. Binne shi a toka mai zafi ya huce da kansa, shi ne zai yi danƙo."

Ta ce, "Ashe ka sani."

Ya ce, "Na sani. Rainawa na yi, ina cewa ƙirar manoma ce."

Ta toshe tsohon ramin da ke jikin ƙarfen mai taushi, ta daidaita shi, ta ɗora babban ɓangaren garkuwar Nomau a kansa, ta naɗo gefen mai taushin ya riƙe shi kamar bakin faranti. Tafin hannunta ya saɓule, fata ta manne a ƙotar masaɓa. Da gawayi ya kusa cinyewa, ta karɓi zugazugin daga hannunsa, ta sa wuƙa ta farke su. Shekara ashirin da biyu tana shafa musu man shanu. Ta ninka fatar gida shida ta ɗaure a bayan garkuwar, don ta tuna inda bakin tsuntsun nan ya maƙale.

Nomau ya ce, "Saura abu uku. Kar ki tsayar da ita ƙiƙam kamar yadda na yi. Karkata ta kamar jinka, abin ya zo a gicciye. Kuma kar ki manna ƙirji, ki tokare da hannu."

"Na ukun fa?"

"Ƙarfin dukan zai jefar da ke ko bai huda ba. Ki zaunar da ni a bayanki, in tokare miki ƙafa da bayana."

"Da wannan ramin a cikinka? Ban yarda ba."

"Ke kika gaya wa sarki ƙira ta mutum biyu ce. In kin faɗi, duk mun tafi."

Garwashin ƙarshe ya mutu. Aka buga tambari.

A fili ta kafa gindin garkuwar a toka, ta karkata ta. Ta tokare da hannun hagu, ta tura ƙafar dama baya. Nomau ya zauna ya ba ta baya, ya manna kafaɗunsa a cinyarta, ya kafa dugadugansa a ƙasa. Ya ce, "Kar ki rufe ido." Ta ce, "Kai dai riƙe."

Sarki Rugumau ya zaɓi wani gatari, ya juya dogon hannun sau biyu.

Ba ta ji ƙarar ba, don kunnuwanta sun toshe nan take. Gatarin ya sami fuskar mai tauri, bakinsa ya tarwatse, fuskar ma ta tarwatse, ɓarɓashi ya watsu ya zubar da aljanu uku da ke kallo a gefe, ɗayansu idonsa ya tsiyaye. Guntun da ya rage ya shiga ƙarfen mai danƙo a karkace. Ƙarfen ya kumburo ta baya kamar cikin tulu, ya yi ja, ya miƙe, ya miƙe, bai yage ba sai ɗan tsini kamar kan yatsa, shi ma fata ta riƙe shi. Hannunta na hagu ya karye a wuri biyu, ƙashi ya leƙo. Dukan ya bi ta jikinta ya sauka a bayan Nomau. Su biyun suka ja baya, ƙafafunsu suka yi kunya a toka kamar an bi da garma.

Toka ta lafa. Kuluwa na tsaye. Jini na fita ta hancinta da kunnenta, amma tana tsaye.

Sarki ya sauko daga karaga, abin da aka ce bai taɓa yi ba. Ya ɗauki garkuwar ya juya ta, ya shafa kumburin da babban yatsa. Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, shekara dubu ina jifa, kowa taurinsa yake kawo mini. Ke kika kawo abin da ya san inda zai ƙi da inda zai bari. Ɗauki mijinki. Na hana ƙanƙara, na ɗaure tsuntsaye har ki wuce. Amma ki sani, shi na ba ki, kwanansa ba a hannuna suke ba."

Ta durƙusa da ƙyar. Nomau na numfashi sama-sama, jini a leɓensa. Ta ja shi bayanta da hannu ɗaya, ta ɗaure da zane, ta kama bakin zanen da haƙori ta ja kullin. Ta miƙe.

Sun wuce filin garkuwoyi, Kaka Tsatsa ta bi su da ido. Sun wuce fadama. A gindin ramin sai ga matakala ta fito a jikin bango, ta fara hawa.

Nomau ya yi magana a wuyanta. "Kuluwa."

"Na'am."

"Ina da nauyi ko?"

"Kamar buhun tama. In mun je gida ka rage tuwo."

Ya so ya yi dariya, tari ya kama shi. Can ya ce, "Buzun nan, ya rayu kuwa?"

"Na bar shi yana ihu. Mai ihu ba ya mutuwa."

"Ki ce ya yafe mini. Bakina ne ya ci masa ƙafa."

"Kai za ka gaya masa da kanka."

Ta hau ashirin, ta huta, ta hau ashirin. Ya ce ƙishi yake ji, ta ce akwai fura a ƙwarya, da nono mai tsami irin wanda yake so. Ya ce, "Da sauran nisa?" Ta ce, "Ga haske can, ɗaga kai ka gani." Ya ce, "Na gani." Bai ɗaga ba, ta ji goshinsa a kafaɗarta.

Ta ci gaba da ba shi labari. Ta ce dole a sake jinkar maƙera kafin damina. Ta ce akuyar nan mai tabo za ta haihu, fatar ɗan za ta yi zugazugi in ya girma. Tana cikin magana ta lura wurin da numfashinsa ke ɗumama mata wuya ya yi sanyi. Wanda ya taɓa goyon mutum ya san yadda nauyi ke canzawa. Ta tsaya a kan matakala, ta jingina goshi da bango. Sannan ta gyara kullin zanen, ta ci gaba da hawa, ta ƙarasa masa zancen akuyar har ƙarshe.

Da rana tsaka ta fito. Mutanen gari na zaune a bakin ramin tun lokacin da ta shiga. Wani ya yi ihu, "Ga su nan! Wallahi ta dawo da shi!" Mata suka kaure da guɗa, maƙera suka shiga buga masaɓa a kan ƙarfe.

Kuluwa ta ce, "Ku daina guɗa. Ku ɗora ruwa a wuta, a kira liman."

Guɗar ta mutu daga gaba zuwa baya. Maza huɗu suka matso za su kwance shi daga bayanta. Ta kauce.

"Ba a nan ba. Gida na ce zan kai shi."

Suka buɗe mata hanya. Ta ratsa kasuwa da karyayyen hannu yana lilo, ƙafafun Nomau na jan ƙasa a bayanta, gari duk na biye ba mai tari. Sai da ta shiga zaure, ta wuce tsakar gida, ta kai ƙofar ɗakinsa, sannan ta durƙusa.

Ta ce, "To, mun iso, Maigida." Ta juya ga mazan. "Ku kama mini shi a hankali. Akwai ciwo a gefen damansa."